Abin da na tsinta a hirarmu kan waifar mota

Kusan kowa bakinsa ɗaya: kar ka kunna waifa gilashi a bushe, ƙurar nan ita ke cinye robar ta kuma zane gilashin, fesa ruwa tukun. In ta fara ƙara ko tana barin layi-layi to robar ta mutu, yawanci wata 6 zuwa 12 ake canzawa, rana ma na busar da ita ko ba a aiki da ita. Ka riƙa goge bakin robar da jiƙaƙƙen tsumma. Garin sabulu a tankin ruwan wanke gilashi kuwa toshe bututu yake, in ya toshe sa allura. Wadda ta fi burge ni, in za ka canza shimfiɗa tawul a gilashin, don ƙarfen da ke riƙe robar in ya kuɓuce maka tas zai fasa shi.