Neman kalma: me za mu kira "shutdown margin" da Hausa?

Mai fassara:
Salamu alaikum jama'a. Ina rubuta bayani na rediyo kan tukunyar nukiliyar nan ta jami'ar Ahmadu Bello, NIRR-1, wadda ke cibiyar bincike da horo kan makamashi (CERT) a Zariya, wadda ta fara aiki a 2004. Komai ya tafi daidai sai da na zo kan shutdown margin na tsaya cak. Na rubuta "iyakar kashewa" amma ni kaina bai kwanta min ba. Masana dan Allah a taimaka.

Malamin fiziks:
Wa alaikumus salam. Malam cire "iyaka" ɗin nan tun wuri, iyaka layi ce, abin da ake magana kuma ba layi ba ne, nisan da ke tsakaninka da layin ne. Bari in ɗan warware kafin a fara jefo kalmomi.

A cikin tukunyar, ƙwayar yuraniyam tana fashewa ta saki wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutiron, biyu ko uku, su kuma su je su fasa wasu. In kowace fashewa tana haifar da fashewa ɗaya tak a bayanta, abin na tafiya daidai ba ƙari ba ragi, shi ake rubutawa k = 1. In ya gaza 1 wutar na lafawa. To ana kashe ta ne da sanda mai shanye nutiron, a ta Zariya sandar kadmiyam ce, a zura ta ciki k ya faɗo ƙasa da 1. Tambayar ita ce ya faɗo ƙasa da nawa? Da ƙyar ya tsallake, ko ya yi nisa sosai yadda ko wani abu ya canza ba za ta farka da kanta ba? Wannan nisan shi ne abin da kake nema wa suna.

Kuma ba a auna shi lokacin da komai ke lafiya lau, ana auna shi ne a yanayin da ya fi muni. Ruwa ya huce, domin a irin waɗannan tukwanen ruwan sanyi ya fi ba ta kuzari. Sannan babu zenon-135, wani guba ne da ke taruwa in tana aiki yana shanye nutiron yana taya sanda aiki kyauta, amma rabinsa na ɓacewa duk bayan awa 9 da ɗoriya, kaga wanda ya dogara da shi bayan kwana biyu zai nemi mataimakin nan ya rasa.

Bakatsiniya:
To Malam me zai hana a ce "tazarar kashewa"? Tunda kai da bakinka ka ce nisa ne. Tazara kowa ya san ta, tazarar haihuwa, tazara tsakanin motoci.

Tsohon direba:
Ni dai karatuna bai kai nan ba amma yadda Malam ya faɗa na gane shi sarai. Ka faka tirela da kaya a gangare, ka ja birki ta tsaya. Wata ta tsaya ne da ƙyar, yaro ya jingina da ita sai ta gangara, wata kuwa ko an ƙara mata buhu ɗari tana nan daram. Ku ce "ragowar birki" kawai a wuce wurin.

Malamin fiziks:
Ranka ya daɗe wallahi ka fi wasu ɗalibaina kamawa. Lissafin ma haka yake, ƙarfin sanda a cire kuzarin da ya yi wa tukunya yawa, abin da ya rage shi ne. A ta Zariya da tsohon makamashinta ƙarfin sandar wajen 7 mk ne, kuzarin da ya haura bai kai 4 mk ba, saura 3 da 'yan kai. Shi mk ɗin kashi ɗaya ne cikin dubu na k. Matsalata da "ragowar birki" ita ce mai sauraro zai ɗauka birkin ne ya cinye saura kaɗan, kamar abin da ya kusa ƙarewa, alhali abu ne da aka tanada da gangan kuma aka rubuta shi cikin sharuɗɗan lasisi, in ya gaza abin da aka rubuta ba a kunna ta ranar, magana ta ƙare.

Ɗan jarida:
Kafin ku yi nisa, ina da ja kan "kashewa" ita kanta. Ka fito rediyo ka haɗa nukiliya da kashewa a jimla ɗaya, tsohuwa a ƙauye ta ji me? Mutane za ta ɗauka. Mun sha ganin irin wannan, k = 1 ɗin da Malam ya faɗa Turawa critical suke ce masa, sai mai fassara ya rubuta wai tukunyar ta shiga mawuyacin hali, alhali ranar murna ce, ranar da ta kama aiki. Ni "dakatarwa" ko "tsayarwa" nake gani.

Bakatsiniya:
Haba Yallabai, ai kashe fitila muke yi, mu kashe janareto, mu kashe waya, ba wanda ya taɓa kiran 'yan sanda. Dakatarwa ma'aikaci ake wa. Tsayarwa kuma ta ɗan takara ce ko mota a hanya. Inji kashe shi ake yi, kar mu gudu daga Hausar da kowa ke yi saboda tsoron tsohuwar da ita ma kashe rediyonta take yi in ta gama ji.

Injiniya daga Kumasi:
Ina gaisuwa. Mu ma muna da irinta sak a Kwabenya kusa da Ankara babban birnin Ghana, GHARR-1, ƙirar Sin ce duka biyun, tamu ta riga taku da shekara goma, 1994. Abin da nake so a lura, ma'anar da ke cikin littattafan Amurka ba ta zauna daidai kan tamu da taku ba. Su a jami'o'insu, irin masu tukwanen bincike ƙirar TRIGA, sanduna da yawa ne, sai doka ta ce ka ɗauka sandar da ta fi ƙarfi ta maƙale a sama ta ƙi sauka, sauran su kashe tukunyar su kaɗai kuma a samu saura. Wannan tsaurin ya samo asali har da abin da ya faru a tukunyar SL-1 a Idaho a Janairun 1961, inda aka zaro sanda ɗaya ta tsakiya da hannu fiye da kima, tukunyar ta yi tsalle nan take mutum uku suka mutu. Tun daga nan ba a yarda sanda ɗaya ta riƙe ran kowa ba.

To mu sandarmu ɗaya ce tal, in ta maƙale babu 'yan'uwanta. Shi ya sa aka ɗaure abin ta wani gefen, aka hana kuzarin ya wuce 4 mk, wanda kusan rabin abin da ake buƙata ne kafin ta kufce irin kufcewar SL-1, in sandar ta fita gaba ɗaya ƙarfin zai hau, ruwa ya yi zafi, zafin ya danne shi da kansa. Sannan akwai 'yan kwalaben kadmiyam da ake hurawa da iska ta bututun da ake tura samfur, su shiga su kashe ta. Duk kalmar da za ku zaɓa kar ta ambaci sanduna ko maƙalewa, ta tsaya kan nisan kawai, sai ta yi wa kowa.

Tsohon direba:
Kwalaben nan su ne katakon da karen mota ke sawa a ƙarƙashin taya kenan. To na janye ragowar birki.

Malamar Hausa:
Na karanta duka. Tazara ba laifi, amma tazara ba ta da gefe, tsakanin abu biyu ce kawai ba ruwanta da wa ke gaba. Akwai wadda ta fi ta zama: rata. Muna cewa ya ba shi rata, ya ci zaɓe da rata mai yawa, ratar ƙuri'u dubu kaza. Rata tana nuna wani ya rinjayi wani kuma ana iya ƙirga da nawa, nan kuwa sanda ce ta rinjayi kuzarin tukunya da 3 mk. Ratar kashewa. Gwada ta a baki: ratar kashewa ta ragu, a auna ratar kashewa, ratar ba ta kai ba. Duk suna tafiya.

Malamin fiziks:
Malama kin gama magana. Kuma "ratar ta ragu" jimla ce da za a yi ta buƙata, don abin ba a tsaye yake ba. Makamashi na ƙonewa kuzari na raguwa, sai a ɗora faranten beriliyam a saman tukunyar su mayar da nutiron ciki kuzarin ya dawo, to duk abin da ka ƙara wa kuzari daga rata ka cire shi, dole a sake awo bayan kowane ƙari. Haka samfurin da aka tura ciki, ƙasa ce ko dutsen ma'adini ko hatsi, in yana shanye nutiron to ranar da aka zare shi kuzari zai ɗan ɗaga, ana lissafa wannan ma. Balle 2018 da aka canza makamashin gaba ɗaya daga yuraniyam da kashi 90 cikin ɗarinsa mai fashewa ne zuwa mai kashi 13 aka mayar da tsohon makamashin zuwa Sin, ai komai sabo aka auna, hukumar sa ido kan nukiliya ta Najeriya, NNRA, na tsaye a kai.

Shi kuma excess reactivity, wato kuzarin nan da ya yi wa tukunya yawa, sai mu ce "rarar kuzari", su tafi tare.

Ɗan jarida:
A'a Malam, nan kam ba zan bari ba. Rata da rara a rediyo, ga shuuu na gajeren zango, wa zai bambance? Kuma kishiyoyin juna ne, ɗaya in ta ƙaru alheri, ɗaya in ta ƙaru matsala. Na haƙura da kashewa tunda an fi ni yawa, amma a sama wa wancan wani suna. Kuzarin ajiya, ko ƙarin kuzari.

Malamar Hausa:
Yana da gaskiya. Kuzarin ajiya ya fi, tunda dama ajiye shi aka yi don cike gurbin abin da zenon da ƙonewa za su ci.

Mai fassara:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ga yadda na sa: "Ratar kashewa ita ce yawan rinjayen da sandar kashewa ke da shi a kan kuzarin ajiyar tukunya, idan ruwa ya huce kuma babu zenon." Injiniya, in na zo kan na Amurka zan ƙara maganar sandar da ta maƙale. Saura rod worth, yanzu "ƙarfin sanda" na bari kamar yadda Malam ya yi ta faɗa, mai ja ya yi magana kafin Alhamis don ranar za mu ɗauka.