Muhawara: Shin kyawun hoto na binne wahalar 'yan ci-rani?

Abin da ake ja a kai: wasu na cewa aikin bidiyon Isaac Julien, mai shirya fim ɗan Birtaniya, wato Ten Thousand Waves na 2010, ya ƙawata mutuwar talakawa har ta zama abin kallo.

Mai ɗaukar hoto: Ina kan bakana. Ranar 5 ga Fabrairu 2004 ruwan teku ya taso ya ritsa da 'yan China masu haƙo ƙumba (wata halittar teku mai ɓawo da ake ci) a yashin Morecambe Bay, Ingila. Mutum 23 suka rasu, akasarinsu daga lardin Fujian. Sai Julien ya rataya allon majigi tara, ya sa 'yar fim Maggie Cheung ta fito a matsayin Mazu, abar bautar masunta, tana shawagi cikin fararen kaya. Ido na binta, a manta da wanda ya ci bashi ya biya masu safara.

Malamar zane: Malam, ka tsallake rabin aikin. Akwai hoton da jirgin 'yan sanda mai saukar ungulu ya ɗauka a daren, da muryar kiran neman agaji. Kuma Julien da kansa ya nuna koren ƙyallen dabarar haɗa hoto da ke bayan Cheung da igiyoyin da ake janta da su. Wanda ke son ruɗar ka ba ya nuna maka igiya.

Mai kafa majigi: Hajiya ta yi gaskiya, amma sai in an kafa aikin daidai. Allunan tara a karkace suke, kowanne ana ganinsa gaba da baya, don mai kallo ya riƙa zagayawa. Dole na'urorin su bi agogo ɗaya. In ɗaya ta yi jinkiri ko da rabin daƙiƙa, sauti ya rabu da hoto. Haske ya shigo ɗakin kuwa, hoton daren nan mai duhu shi ke fara dushewa, fararen kayan Mazu su rage. A nan zargin Malam ke samun gindin zama.

Mai ɗaukar hoto: To ku dubi aikin bidiyon Bouchra Khalili, The Mapping Journey Project, 2008 zuwa 2011. Bidiyo takwas, kyamara a kafe, ba yanka. Hannun ɗan ci-rani ne kawai riƙe da alƙalamin maka yana zana hanyarsa a taswira, mai hannun na ba da labari da bakinsa.

Malamar zane: Ɓoye fuskar kariya ce ga wanda ba shi da takardu, na yarda. Ko a Agadez, inda Ursula Biemann ta ɗauki wani ɓangare na bidiyonta Sahara Chronicle, dokar 2015 ta mayar da jigilar baƙin haure laifi har aka soke ta a 2023. Tsohon hoton fuskar direba na iya zama shaida a kansa. Amma Malam, mutanen Khalili suna raye, sun iya magana. Na Morecambe Bay fa, wa zai riƙe musu alƙalamin?