Muhawara: A rufe bincike ko a buɗe shi bayan kisan gilla?

Malam Bello: Jama'ar zaure, ga maganar da anka kawo: in an buɗe wuta an kashe mutane da yawa, gwamnati ta rufe bayanan bincike har a kai kotu, don buɗewa ɓata shari'a take. Bismillah.

Baba Garba, tsohon ɗan sanda: Na yarda da ita, a makonnin farko dai. Shaida in ya ji bayanin wani a rediyo, gobe zai maimaita shi kamar da idonsa ya gani, lauyan wanda ake tuhuma ya kayar da shi nan take. Akwai kuma abin da ake riƙewa da gangan, kamar irin bindiga ko hanyar da maharan sunka bi, don a bambance mai amsa laifi na gaskiya da wanda anka tilasta. Ga infoma. Ka fitar da sunan wanda ya ba da shaida a Sabon Birni ko Isa, wa zai kwana ƙofar gidansa?

Barista Hadiza: Ranka shi daɗe Baba, ba wanda ya ce a fitar da sunan shaida. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ma ta kare shi a sashe na 12. Amma sashen ya ce in maslahar jama'a ta rinjayi illar, a bayar. Hukuma na da kwana 7 ta amsa, in ta hana ta rubuta dalili, mai nema na da kwana 30 ya je kotu. Abin da muke ƙi shi ne a ce "ana bincike" a ɗaure komi da igiya ɗaya, har da lokacin da jami'ai sunka iso wurin.

Aminu, ɗan jarida: Nan gizo ke saƙar. Uvalde ta Amurka, 24 ga Mayu 2022: wani ɗan bindiga ya kashe yara 19 da malamai 2 a wata makaranta. Da farko hukuma ta yabi jami'anta. Ashe jami'ai 376 sunka taru, an kwashe minti 77 ba a shiga ajin ba. A watan Yuli wata jarida ta saki bidiyon barandar makarantar, kowa ya gan su tsaye. Maharin ya mutu, to shari'ar wa ake karewa?

Baba Garba: Aminu, duba Christchurch ta ƙasar New Zealand a 2019, inda anka kashe mutum 51 a masallatai biyu. Kwamitin binciken ya zauna a asirce, an kulle shaidar ministoci da manyan jami'ai shekara 30, hirar maharin kuwa an hana fitar da ita, don kada wani shi koyi dabara.

Barista Hadiza: Amma rahoton ya fito a Disamba 2020 da shawarwari 44, kuma an faɗi abin da anka kulle da dalili. Sirri mai wa'adi ke nan. A Zariya, bayan rikicin sojoji da 'yan Shi'a, ba don kwamitin binciken Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba ya zauna a bainar jama'a ba, da ba a ji jami'in gwamnatin Kaduna ya amsa cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a 2015 ba.

Dakta Nasiru: Ku tsaya, tun kafin a zo kan rufewa, me anka tara? Mu nan jana'iza ba ta jira, kuma haka addini ya ce. Harin kasuwar Goronyo a Oktoba 2021, an fara da cewa mutum 30 da wani abu, daga baya gwamnatin jiha ta ce 43. Kafin wanka ya kamata a rubuta suna, shekaru da gari, a ɗauki hoton rauni, inda harsashi ya shiga da inda ya fita, hakimi da ma'aikacin lafiya su sa hannu. Minti 10 ya isa gawa ɗaya. Kwanson harsashi kuwa, gindinsa na ɗauke da lambar masana'anta, amma yara ke tsince shi kafin kowa ya iso. Kowane a sa shi ambulan dabam, a rubuta wurin da anka same shi da wanda ya karɓa.

Baba Garba: Adadi da sunayen mamata, na sallama, a fitar cikin mako. Rikodin oba-oba dai sai bayan shari'a.

Aminu: In kuma ba a kama kowa ba, Baba, yaushe ke nan?