In hoton kumbo ya fito dishi-dishi ya ake gyarawa?

Sadik_Zariya: Salam 'yan uwa, wai don Allah in kyamarar kumbo ta fara turo hoto dishi-dishi bayan an riga an harba shi ya ake yi? Na ji an ce haka ta faru da kumbon Deep Impact na hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, a 2005, amma kuma sai ga hotunan da ya ɗauko na tauraro mai wutsiya Tempel 1 sun fito rangaɗau, ni fa ina zargin Photoshop kawai suka yi mana.

InjiniyaHabu: Wa alaikumussalam ƙanina, ba Photoshop ba ne, lissafi ne. Babbar kyamarar ce ba ta saitu daidai ba, saboda madubin da aka auna ta da shi tun a ƙasa ya ɗan lanƙwashe da sanyi ba a lura ba. To sai suka riƙa ɗaukar hoton taurari, ka san tauraro don nisansa ɗigo ɗaya tak ya kamata ya fito, in ya fito a baje kamar ɗan zobe to ka ga ainihin yadda kyamarar ke watsa haske ke nan, sai kwamfuta ta bi lissafin ta baya tana mayar da hasken inda ya dace a kowane hoto. Amma fa abin da kyamara ba ta kama ba lissafi ba zai ƙirƙiro shi ba, kuma in aka matsa da yawa sai ɗige-ɗigen ƙarya su cika hoton.

Maman_Ilham: To kumbon hangen nesa na Hubble fa Injiniya? Shi ai mutane aka tura su gyara shi.

InjiniyaHabu: Ƙwarai Hajiya. An harba shi 1990, gefen babban madubinsa an goge shi fiye da ƙima da kusan maikiron 2, ko kaurin gashi bai kai ba amma ya ɓata komai. Su ma da wannan lissafin suka yi ta lallaɓawa har Disamba 1993 da 'yan sama jannati suka je suka sa masa ƙananan madubai masu gyara, tamkar an yanka masa tabarau. Shi yana kusa da duniya ne, Deep Impact kuwa wa zai bi shi can?

Sadik_Zariya: Na gode yaya, amma ɗige-ɗigen nan ta ya suke gane na ƙarya da dutsen gaske?

InjiniyaHabu: Hotuna da yawa suke haɗawa, kuma akwai kyamara ta biyu a jikin kumbon wadda lafiyarta lau, in abu ya fito a hoto ɗaya babu shi a sauran ba a yarda da shi.