Duniyar Faifai: Wanne Ne Gwaninku?

Malamar Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Littattafai 41 Terry Pratchett ya rubuta a jerin Discworld, daga 1983 zuwa 2015. Kowa ya faɗi gwaninsa da dalili, amma da baiti. Amsa-amon yau "ya" ne.

Da sunan Allah nake farawa,
Ku matso 'yan'uwa mu yi zantawa,
Kan wani gwani cikin Turawa,
Da ya iya ɗinka zance da dariya.

Ya shimfiɗa duniya kamar faifai,
Ya aza ta kan giwaye huɗu daidai,
Su ko suna kan kunkuru, shi kaɗai
Ke iyo da su a sararin samaniya.

Ni dai gwanina Men at Arms ne,
Na 1993, kan 'yan sanda ne,
Sam Vimes, shugabansu, ɗan lungu ne,
Ya san ciwon rashi har cikin zuciya.

Dala 38 ne albashinsa,
Takalmin dala 50 ya fi ƙarfinsa,
Na dala 10 ne abin sawarsa,
Kafin damina biyu ya ɓule a hanya.

Mai hali ya sayi guda ya huta,
Shekara 10 ƙafarsa ruwa bai taɓa ta,
Talaka ya kashe 100 bai tsira daga cuta,
Ƙafa a jiƙe, aljihu ya sha wuya.

Daren da na karanta ana ta ruwa,
Takalmin auta na bakin ƙofa yana tsanewa,
Na uku ke nan a bana da nake sayowa,
Gwanjon Kasuwar Barci, na sha tafiya.

Na rufe littafin na yi shiru,
Na ce Bature, ina ka ga abin da ya faru?
Lissafin gidana ka tsara, ya tsaru,
Ba ƙari ba ragi, tsabar gaskiya.

Mai gyaran waya a Kawo:

Malama, Allah ya ƙara basira,
Ki ba ƙaninki fili ya faɗi tasa ɗaya.

Going Postal, na 2004,
Shi ne nawa, ba na ja da baya.

Moist von Lipwig ɗan damfara ne,
An kama shi, an sa masa igiya a wuya.

Ya farka gaban Vetinari mai gari,
Aka ce zaɓi: gidan waya ko faɗawa rijiya.

Ya tarar da wasiƙu tsibi har rufi,
Shekaru sun shuɗe ba a kai ko ɗaya.

Wayon da yake cutar mutane da shi,
Da shi ya ƙago kan sarki, aiki ya kama hanya.

Amma ga wurin da ya tsaya mini a rai,
Ranar da ya bugi ƙirji yana fariya.

Wai shi bai taɓa zare wa kowa wuƙa ba,
Mai tsaronsa na yumɓu ya buɗe masa gaskiya.

Ya lissafa masa waɗanda damfararsa ta talauta,
Ya ce ka kashe mutum biyu da ɗoriya.

A rumfata na ga tsohuwa tana kuka,
Saƙon waya ya kwashe kuɗin adashinta gaba ɗaya.

Ta kwance bakin zani ta miƙo mini wayar,
Wai in duba ko kuɗin na ciki sun ɓuya.

Wanda ya aiko bai taɓa ganin fuskarta ba,
Da zan karanta masa shafin nan, ko zai ji kunya.

Hajiya ta Unguwar Rimi:

Yaran nan, duk maza kuka lissafo. Malama, har da ke?

Ku ba ni wuri, ni ce ungozoma,
Na tsufa a ɗakin haihuwa ina hidima,
Na ga dare, na ga tashin hankali kuma,
Shi ya sa littafin da ke sa ni tsuma
Na Tiffany ne, 'yar ƙaramar yarinya.

The Wee Free Men, a 2003 ya fito,
Shekararta tara, ba ta zaman jiran ceto,
Sarauniyar aljanu ta zo ta sato
Ƙaninta, ita ko ba ta yi kokwanto,
Ta bi sawu, makaminta kaskon suya.

'Yan rakiyarta tsawonsu inci shida,
Shuɗɗan jiki, jan gashi, ga son faɗa,
Su ɗauki tunkiya cak su yi gida,
Ba su san tsoro ba ko guda,
Jikata in na kai nan sai ta kife don dariya.

Maitar da ke cikin littattafan nan,
Ba ta cin kurwa ba ce irin ta labaran nan,
Karɓar haihuwa ce, da jinya, sannan
Kwana gun tsohon da aka manta da shi can,
Aikin da na sani, ba ya yiwuwa sai da zuciya.

Bayan isha'i nake juya wa jikar tawa shi da Hausa, shafi uku ko huɗu, har barci ya ɗauke ta. Rannan na same ta a tsakar gida ta rungumi kaskon tuyan ƙosai, wai tana gadin ƙaninta. Ban hana ta ba.

Ɗalibi daga Malali:

Hajiya da Malama, ina gaisuwa. Biyu kawai na karanta.

The Colour of Magic ne ya kama ni,
Akwatin nan mai ƙafafu ya burge ni,
Yana bin ubangidansa ko'ina a duniya.

A na biyun kuma, mai laburare ne sihiri ya mai da
Goggon biri ja, ya ƙi yarda a mai da
Shi mutum, don hawan kanta ba ya masa wuya.

To ga 39 sun rage a gabana,
Kuɗin makaranta sun cinye aljihuna,
Wanne zan bi, don kada in ɓata hanya?

Malamar Tudun Wada:

Ɗana, Guards! Guards! za ka nema,
Na 1989, can Vimes ya soma,
Dodo mai aman wuta ya sauko daga sama,
Birni ya ba shi sarauta don tsoron wuya.

Kada ka saya, ina da shi, sai dai bangon ya tsufa.

Baba na Rigasa:

Na bari yara sun gama tukuna. Nawa ba zai yi muku daɗi duka ba, amma ga shi.

Ni Raising Steam na riƙe, 'ya'yana,
Na 2013, na 40 a lissafina,
Na san ba shi ya fi ba, ban ɓoye a zancena,
Na baya sun fi shi kaifi da dariya.

Tun 2007 cutar mantuwa ta kama shi,
Har buga rubutu ya zo ya gagare shi,
Sai ya faɗa da baki, wani ya rubuta mashi,
Bai ajiye aikin ba, bai ja da baya.

Labarin jirgin ƙasa ne na farko,
Yaro maƙeri ya ɗauki aikin da sauƙo... 

A'a, wannan baitin bai zauna ba, bari in sake shi:

Labarin yaro ne, Dick Simnel sunansa,
Tukunyar tururi ce ta kashe ubansa,
Ya zauna da awo da lissafi a gabansa,
Har ya ƙera jirgin da ya hau dogo lafiya.

Ubana mai zuba kwal ne a jirgi,
Kwal ɗin Inugu, shebur da gumi da ƙugi,
Ya dawo baƙi ƙirin, ba ya ƙorafi ko zargi,
Uwata ta ɗora ruwan zafi a tukunya.

Nakan tsaya bakin dogo ina yaro,
In ji ƙasa na rawa, in ƙi gudu don tsoro,
In hango shi a ƙofar wuta ya leƙo, ya ɗago
Hannu gare ni, jirgi ya wuce Zariya.

Da na kai inda jama'a suka taru,
Suna kallon jirgin, yara da manya sun ƙaru,
Na ji warin kwal, idanuna suka zubar da ruwa, suka tsaru,
Na ajiye tabarau, na kasa ci gaba da biya.

Tun 2016 sabon jirgi ke tashi a nan,
Daga Rigasa zuwa Abuja, ina ji daga ɗakin nan,
Ba hayaƙi, ba tururi irin na zamanin can,
Amma ƙararsa na tada ni, in tuna baya.

Marubucin ya rasu ranar 12 ga Maris, 2015, yana da shekara 66. Littafinsa na ƙarshe, The Shepherd's Crown, ya fito bayan rasuwarsa. Yana nan cikin ledarsa a kan kantata, ban buɗe ba.

Hajiya ta Unguwar Rimi:

Yaya, Allah ya jiƙan Baba da rahama,
Ka sa ni hawaye ina kan tabarma,
Amma ledar nan ka yage ta, don girma,
Littafin na Tiffany ne, ta zama budurwa, ba yarinya.

Na karanta shi, ba zan faɗa maka komai ba,
Sai dai ka tanadi hankici, ba wasa ba,
In idon ne ba zai iya ƙananan baƙi ba,
In turo jikata ta karanta, ka gyara mata in ta kauce hanya.

Baba na Rigasa:

Turo ta ranar Asabar, ƙanwata,
Bayan la'asar, ta zo da ƙaninta,
Malama ki ba ta littafin ɗalibin a jakarta,
Ya biyo ta nan ya karɓa, mu sha shayi gaba ɗaya.

Ɗalibi daga Malali:

In sha Allah, Baba. Wace mota zan shiga daga Kawo?

Mai gyaran waya a Kawo:

Ka same ni a rumfa ƙarfe uku,
In rufe, mu hau babur ɗina mu kama hanya.