Akwai aikin lura da marasa lafiya zalla a asibitocin Kano, ko sai an bi ta karatun jinya?

Ɗiyar Gwale ta rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na kammala sakandare a ɓangaren kimiyya, kuma burina shi ne in yi aiki a asibiti. A intanet ina yawan cin karo da tallan guraben aiki na asibitocin Amurka, inda ake neman mutanen da aikinsu shi ne zama gaban allon na'ura suna bin bugun zuciyar marasa lafiya, idan sun ga canji su sanar da nas ko likita. Aikin ya kwanta mini a rai domin ina da natsuwa da lura, sai dai ina tsoron jini da manyan raunuka. Shin akwai irin wannan gurbi a Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala? Idan babu, wace hanya ce ta fi kusa da shi, kuma shekara nawa karatun yake ɗauka? Mahaifina ya amince, sharaɗinsa kawai shi ne in san abin da zan shiga kafin a sayi fom. Allah ya saka da alheri.

Tsohuwar Sista ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. A asibitocinmu na Kano ba a ware wannan aiki ya zama sana'a mai zaman kanta ba. Lura da mara lafiya yana wuyan ma'aikaciyar jinya, kuma a ganina shi ne ainihin aikin, ya fi allura da ɗaura ƙarin ruwa waɗanda mutane suka ɗauka su ne aikin nas. Likita yakan zagaya da safe, ya duba, ya rubuta magani, ya wuce ɗakin tiyata ko wurin ganin marasa lafiya na waje. Sauran sa'o'in yini da dare duka, idon nas ne a kan mutumin da ke kwance.

Abubuwan da ake aunawa sanannu ne. Zafin jikin babba mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5 a ma'aunin Celsius, bugun zuciya 60 zuwa 100 a minti ɗaya, numfashi 12 zuwa 20, awon jini kuma kusa da 120 bisa 80. Haddace waɗannan lambobi ba ya ɗaukar mako guda. Abin da yake ɗaukar shekaru shi ne gane inda lambobin suka dosa. Ki ɗauka an fito da mace daga tiyatar haihuwa, ana auna ta kowane minti 15 a sa'ar farko. Bugun zuciyarta 88 ne, sai ya koma 100, sai 116, alhali awon jininta bai sauka ba tukuna. Wadda take kallon lamba ɗaya-ɗaya za ta ce da sauƙi. Wadda ta san aiki kuwa za ta ɗaga zanin gado ta duba ƙunzugu, ta taɓa mahaifa ta ji ko ta yi tauri, ta dubi tafin hannu da cikin fatar ido, ta aika a kira likita nan take, domin jikin matashiya yakan riƙe awon jini na wani lokaci ko da jini yana zuba, kuma idan ya faɗi an riga an makara sosai.

Numfashi shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma sau da yawa shi ne yake fara nuna cewa jiki ya rikice. Ana ƙirga shi minti guda cur, yatsunki suna kan wuyan hannun mara lafiya kamar har yanzu bugun zuciya kike ji, saboda da zarar ya san numfashinsa ake ƙirgawa zai canza shi. Na sha ganin takardar awo a wani asibiti da aka jera 20 daga sama har ƙasa, safe da yamma da dare, kuma duk wanda ya san aiki ya san ba a ƙirga ba. Wannan cin amana ne, domin likita da abokiyar aikinki da za ta karɓe ki a kan abin da kika rubuta za su yanke hukunci.

Batun tsoron jini kuma, ba zan ɓoye miki ba: babu lura da mara lafiya ba tare da kallon jini da fitsari da amai da ciwo ba. Yawancin ɗalibai tsoron yana barinsu a shekarar farko da aka fara tura su ɗakunan kwanciya. Amma kada ki shiga da niyyar za ki kauce masa.

Nas ɗin Dare ya amsa:

Hajiya ta faɗi gaskiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Ƙanwata, wurin da ya fi kama da abin da kika gani shi ne sashen kulawa ta musamman, inda nake aiki, sai ɗakin farfaɗowa bayan tiyata, da sashen jarirai bakwaini, da sashen wankin ƙoda. A can kowane gado yana da allonsa mai nuna bugun zuciya da awon jini da yawan iskar oksijin a jini, wadda ake so ta kasance 95 cikin 100 ko fiye ga mafi yawan mutane. Sai dai ba zama ake yi ana kallon allo ba. Na'ura takan yi ƙara saboda abin da aka maƙala a yatsa ya zame, ko hannun ya yi sanyi, ko akwai fentin farce ko baƙin lalle da ya hana ta karantawa daidai, don haka ƙa'idarmu ita ce a fara duban mutum kafin a dubi allo. Kuma ranar da wuta ta ɗauke kafin janareto ya tashi, yatsunki da agogonki da tocila su ne kayan aikinki.

Wanda aka kawo da bugu a kai, misali bayan hatsarin babur ko adaidaita sahu, ana auna hankalinsa da ma'aunin Glasgow, mai maki daga 3 zuwa 15: yana buɗe ido, yana magana daidai, yana motsa gaɓoɓi idan an umarce shi? Ana haska ƙwayar idonsa a ga ko biyun suna tsukewa daidai. Mutumin da yake 14 da magariba ya koma 11 da tsakar dare ba barci yake yi ba, ko da masu jinyarsa sun roƙe ki ki ƙyale shi ya huta. Haka fitsari: ana duba jakar kowace sa'a, kuma idan na babba ya gaza kimanin mililita 30 a sa'a, ana sanar da likita. Idan an ɗaura ƙarin jini, mintuna 15 na farko ba a barin bakin gadon.

Ba a fara aiki a waɗannan sassa kai tsaye a matsayin ƙwararriya. Sai kin zama nas mai lasisi, kin yi aiki a ɗakunan kwanciya, sannan ki tafi kwas na ƙwarewa na shekara ɗaya zuwa wata 18, a fannin kulawa ta musamman, ko agajin gaggawa, ko tiyata, ko sa barci domin tiyata, ko ƙoda. Asibitin Malam, wanda aka kafa a 1988, yana dashen ƙoda tun 2002, kuma irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da ma'aikatan jinya masu ido. Asibitin Ƙashi na Dala shi ma yana horar da nas-nas a fannin ƙashi.

Malamin Jinya ya amsa:

Ni zan tsaya a kan hanyar karatu. Kina buƙatar kiredit biyar, Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, a zama bai wuce biyu ba. A jami'a, kamar Jami'ar Bayero, digirin jinya shekara biyar ne, sai shekara ɗaya ta horon aiki a asibiti, sai hidimar ƙasa. A makarantun jinya kuwa tsohon tsari shekara uku ne, amma yanzu ana mayar da su kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babba a shekara huɗu, kuma ana shiga ta JAMB. Kowace hanya kika bi, sai kin ci jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya kafin a ba ki lasisi, kuma lasisin ana sabunta shi ne bayan halartar kwasa-kwasan ƙarin ilimi.

Ra'ayina shi ne, idan makinki ya kai kuma gida za su iya ɗaukar nauyi, ki nemi jami'a, domin digiri yana sauƙaƙa ƙarin girma da koyarwa nan gaba. Idan bai kai ba, kada ki zauna shekara da shekaru kina jira. Kwalejin jinya ta jihar Kano da makarantar Asibitin Malam suna fitar da ma'aikata masu hannu, kuma za ki iya ɗora digiri daga baya. Abin da nake ja miki kunne a kai shi ne ƙananan wuraren da suke ɗaukar 'yan mata su koya musu allura na wasu watanni su ba su farin kaya. Wannan ba karatun jinya ba ne, kuma majalisa ba ta san da zamansa ba.

Ɗiyar Gwale ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena. Na fahimci cewa hanyar ita ce jinya. Abin da ya rage shi ne aikin dare, domin mahaifiyata tana ganin zai hana ni zaman aure. Ana iya ɗauke wa mace shi?

Ungozoma daga Fagge ta amsa:

Ƙanwata, a ɗakunan kwanciya aiki kashi uku ne, safe da yamma da dare, kuma sabuwar ma'aikaciya ba ta tsallake na dare. Bayan jerin kwanakin dare ana ba da kwanakin hutu, kuma akwai sassa kamar wurin awon ciki da na ganin marasa lafiya na waje da ake tashi da rana, amma galibi sai an daɗe a aiki ake samun su. Mu da yawa matan aure ne masu 'ya'ya. Abin da ya taimake mu shi ne an yi maganar a fili tun lokacin neman aure, iyaye suka sa baki, aka san wanda zai kwana da yara.

Ki gaya wa Mama dalilin da ya sa ake buƙatar mu da dare. A ɗakin haihuwa ana sauraron bugun zuciyar jariri kowane minti 30 a lokacin naƙuda, ana so ya tsaya tsakanin 110 da 160. Matar da aka kawo tana jijjiga, aka yi mata allurar magnesiyam, sai an duba numfashinta da fitsarinta da harbawar ƙafarta idan an ɗan bugi gwiwa kafin a sake yi mata wata, domin idan maganin ya taru a jiki yana iya tsayar da numfashi. Matan garin nan da mazajensu da yawa sun fi son mace ce ta tsaya a kan wannan, kuma naƙuda ba ta jiran gari ya waye. Kafin Baba ya biya kuɗin fom, ku shiga shafin majalisar ku tabbatar sunan makarantar yana cikin jerin waɗanda aka amince da su, sannan ku tambayi makarantar a wane asibiti ɗalibanta suke koyon aiki.