Ƙofar direba ta ƙi kamawa, in canza makullin da kaina?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Corolla ce gare ni, tsohuwa, shigowar Kwatano. Tun da hazo ya sauka ƙofar direba take wahal da ni: sai na buga ta da ƙarfi kafin ta kama, wani lokacin ta dawo mini a buɗe. Yanzu da igiya nake ɗaure ta in zan fita Mirriya. Wani gareji sun ce sai dai sabon makulli, kuɗin aikin kuma ya fi ƙarfina a wannan wata. Turnabis na kwance sukurori ina da su a gida. Abin da mutum zai iya yi da kansa ne?

Direban taksi, Zengo:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi komai tukuna. Ƙurar Damagaram in ta haɗu da tsohon giris sai ta daskare, harshen makullin ya kasa juyawa. Wanke shi da kananzir da tsohon burushin haƙori, ka bar shi ya bushe, ka shafa giris kaɗan. Ban da baƙin mai, ƙura yake tarawa.

Bakanike, Sabon Gari:
Gaskiyar direba ne, amma akwai gwaji kafin wanki. Buɗe ƙofar, kama ƙarshenta ka ɗaga sama. In tana wasa, hinji ne ya ci, ƙofar ta sauka ba ta haɗuwa daidai da ƙarfen da ke jikin motar. Ko sabon makulli ka sa, haka za ta yi. In ba ta wasa, tura turnabis cikin bakin makullin kamar shi ne ƙarfen. Lafiyayye sau 2 yake ƙara, ƙas, ƙas, kuma ba ya saki sai ka ja hannu. In ya saki da kansa, ya mutu.

Canzawar ba wuya, haƙuri take so. Ɗaga gilashi har sama, cire kan batir in makullin na lantarki ne. Kwance sukurorin da ke bayan hannun ciki da wurin ɗora gwiwar hannu, sannan ka ɓamɓare bangon ciki a hankali, maɓallan roba ne ke riƙe da shi, kuma zafin ranarmu ya riga ya gasa su. Ledar da ke baya kada ka yage ta, ita ke tare ruwa da ƙura. Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa sandunan ƙarfen da ke zuwa hannun waje, hannun ciki da wurin kile, wato inda ake sa mabuɗi. Makullin kansa sukuru 3 ne a gefen ƙofa. Wasu bakin tauraro ne, wasu gicciye babba, kuma a ɗaure suke tamau. Turnabis ɗin da bai yi daidai ba zai cinye kan, daga nan sai mai walda.

Mai tambaya:
Na gode Oga. Na ɗaga ta, ba ta wasa. Amma ƙara ɗaya yake yi ya saki. Ina zan samu wani?

Mai kayan mota, Kasuwar Dole:
Alhaji, ciro tsohon ka zo da shi a hannu. Na hagu daban, na dama daban, na gaba ba ya shiga baya, mai wayar lantarki daban yake da marar waya. Ni na fi yarda da na asali da aka ciro daga wata mota a kan sabo mai araha. In babu a gari, ana aikawa Ƙofar Ruwa a Kano.

Bakanike, Sabon Gari:
Saura abu guda, shi ya fi kawo mini mutane. In ka ɗaura, kada ka rufe ƙofar. Gwada da turnabis tana buɗe: hannun waje da hannun ciki su saki, kile ya kulle ya buɗe. In ka rufe alhali sanda ɗaya ba ta shiga ba, ƙofar tana iya ƙin buɗuwa, kuma sukurorin suna gefen da ya rufu. In ka kakare, turo hoton cikin ƙofar nan in gani.